Tambayar da karatun hulɗar ƙasa da ƙasa ya bar mini

Yawancin masu neman gurbi a sashen hulɗar ƙasa da ƙasa burin jakadanci ne ke kawo su. Haka ajinmu yake, kowa na hango kansa a ofishin jakadanci da tuta a gaban mota. Amma tun a zangon farko malamai suke ɗora ɗalibi a kan wata gaskiya mai nauyi: babu gwamnati a bisa gwamnatoci. A cikin ƙasa, wanda aka zalunta zai kai ƙara, alƙali ya yanke hukunci, ɗan sanda ya zartar. Tsakanin ƙasashe 193 da ke Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa babu wannan ɗan sandan. Sauran shekarun digirin duk ƙoƙari ne na gane yadda ake zaman tare a haka.

Abin da ya fi sauya mini tunani shi ne tambayar da aka horar da mu mu riƙa yi kafin mu yanke wa kowa hukunci: mene ne wannan ƙasa take tsoro? A rikicin Kyuba na watan Oktoban 1962 na fara ganin amfaninta. Labarin da aka fi sani shi ne Tarayyar Sobiyet ta girke makaman nukiliya masu linzami a tsibirin da bai kai kilomita 150 daga Fulorida ba, Shugaba Kennedy na Amurka ya tsaya tsayin daka, shugaban Sobiyet Khrushchev ya janye. Da muka zauna da takardun ɓangarorin biyu sai hoton ya cika. Amurka ta riga ta girke nata makaman, samfurin Jupiter, a Turkiyya, a bakin ƙofar Sobiyet. A 1961 ta mara wa wani farmaki baya don kifar da gwamnatin Castro ta Kyuba, bai yi nasara ba. Kowane ɓangare yana kallon abin da ya yi a matsayin kariya, abin da ɗayan ya yi kuma a matsayin shirin kai hari, kowane mataki na neman tsaro yana ƙara wa ɗayan fargaba. Da aka zo warwarewa ma, ta nan aka bi: Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye Kyuba ba, ta kuma amince a asirce za ta kwashe makamanta daga Turkiyya. A 1963 aka buɗe layin sadarwa kai tsaye tsakanin Washington da Mosko. Kwana goma sha uku duniya ta yi a bakin rami, abin da ya fitar da ita kuma shi ne kowane shugaba ya gane abin da ɗan'uwansa ba zai iya haɗiyewa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, aikin ɗalibin wannan fanni kuwa ya shiga ɗakin ya gani da idonsa.

A nan ake yawan samun saɓani da mutane a wajen aji. Idan ka bayyana dalilin da ya sa wata ƙasa ta yi abu, sai a ce kana goyon bayanta. Bayani daban, wanke laifi daban. Zan iya zayyana lissafin da ya kai Italiya ga mamaye Habasha a 1935, in kuma ce zalunci ne tsagwaronsa. Hasali ma, wanda ya san lissafin ya fi iya tsayawa a kan hukuncinsa.

Mazhabobin fannin ma da wannan idon na koyi kallonsu. Akwai masu cewa ƙarfi da maslaha ne kaɗai ke juya ƙasashe, akwai masu ganin ciniki da cibiyoyi na iya ɗaure su ga haɗin kai, akwai kuma masu cewa yadda ƙasashe ke kallon kansu da juna shi ke haifar da abota ko gaba. Ɗalibi kan so ya zaɓi ɗaya ya riƙe har abada. Ni dai na fi amfana da na riƙa gwada kowacce a kan lamari guda, in ga inda ta haska da inda ta kasa.

Sai maganar dokar ƙasa da ƙasa, wadda ake yawan cewa takarda ce kawai. Na fahimci masu faɗin haka, domin lokacin da aka taka ta ne take shiga labarai. Amma a dubi Bakassi. Kamaru ta kai Najeriya ƙara Kotun Duniya da ke Hague a 1994, a watan Oktoban 2002 kotu ta ba Kamaru yankin, ta dogara musamman da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913. Najeriya ta fi yawan jama'a da sojoji, babu kuma mai tilasta mata. Duk da haka Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006 tare da shiga tsakanin Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, aka kammala miƙa yankin a watan Agustan 2008. Masuntan da aka raba da matsuguninsu sun ɗanɗana kuɗarsu, bai kamata a manta da su ba, amma ba a yi yaƙin da ake fargaba ba. Akwai kuma aikin da ba a jin ƙararsa. Wasiƙa tana ƙetare iyaka saboda ƙungiyar gidajen waya da aka kafa tun 1874. Jirage na ratsa sararin ƙasashe bisa yarjejeniyar Chicago ta 1944. A tsakiyar Yaƙin Cacar Baka Amurka da Sobiyet suka haɗa hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya har aka sanar da kawar da cutar agana a 1980.

Darasin tattalin arziki shi ɗalibai suka fi gudu, alhali wanda bai san yadda bashi da kuɗin ruwa da darajar dala ke aiki ba zai yi ta mamakin yadda wasu ƙasashe ke kaɗa ƙuri'a. A Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda aka tsara a Bretton Woods a 1944, nauyin ƙuri'ar ƙasa na bin kason kuɗinta ne. Harshe na biyu ma wajibi ne ga mai son aikin da gaske. Haka iya rubuta shafi ɗaya wanda mai yanke shawara zai karanta cikin minti biyar ya san zaɓin da ke gabansa.

Ɗabi'ar da na fi riƙewa ita ce karanta takardar asali kafin sharhin da aka yi a kanta. Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya sashe 111 ne kawai, mutum zai gama shi a zama ɗaya, amma da yawa suna muhawara a kansa ba su taɓa buɗe shi ba. A cikinsa na fahimci asalin kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu. Ƙungiyar da ta gabaci Majalisar, wadda aka kafa a 1920, ta rushe ne saboda manyan ƙasashe sun juya mata baya: Majalisar Dattawan Amurka ta ƙi yarda ƙasar ta shiga, Japan da Jamus suka sanar da ficewa a 1933, Sarki Haile Selassie na Habasha ya je Janiba a 1936 yana neman agaji aka bar shi da kukansa. Waɗanda suka taru a San Francisco a 1945 sun yanke cewa gara manyan su zauna a ciki da ikon hana ƙuduri, da su fita su bar zauren fanko. Don haka aka ba Amurka da Sobiyet da Birtaniya da Faransa da Sin wannan iko.

Na gane dalilin, amma ganewar ba ta sanyaya mini zuciya ba. A watan Afrilun 1994, ana tsakiyar kisan kiyashi a Ruwanda, Kwamitin Sulhu ya rage dakarun kiyaye zaman lafiya da ke can zuwa 270. Cikin kimanin kwana 100 aka kashe mutane wajen 800,000. Ba ƙarancin bayani ne ya jawo haka ba, babu dai wata babbar ƙasa da ta ga maslaharta a ceton su. Ƙasashen Afirka huɗu ne kacal cikin waɗanda suka kafa Majalisar: Masar, Habasha, Laberiya da Afirka ta Kudu. Yau suna 54, babu ko ɗaya mai kujerar dindindin, ga shi kuwa kaso mai yawa na aikin Kwamitin a kan rikice-rikicen nahiyar yake. Tun 2005 Tarayyar Afirka ta tsayar da matsayar Ezulwini tana neman kujeru biyu na dindindin. Sashe na 108 shi ne katangar: ba a gyara kundin sai kashi biyu cikin uku na ƙasashe sun amince, kuma dole biyar ɗin nan su kasance cikinsu.

A kan wannan na rubuta kundin kammala digirina, na kuma fi mai da hankali ga karo ɗaya da aka taɓa faɗaɗa Kwamitin. Bayan sababbin ƙasashen Afirka da Asiya sun cika Babban Zaure, goma sha bakwai sun shiga a 1960 kaɗai, sai suka haɗa ƙuri'unsu a 1963 suka zartar da gyaran da ya ƙara kujeru daga 11 zuwa 15. Wasu daga cikin manyan ba su mara masa baya a ranar ƙuri'a ba, amma a lokacin kowane ɓangare na Yaƙin Cacar Baka yana zawarcin waɗannan ƙasashe, ba wanda ke son a ce shi ne ya rufe musu ƙofa. Ɗaya bayan ɗaya suka rattaba hannu, gyaran ya fara aiki a 1965.