Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a ciwon Baba

Alhamdu lillahi, an cire wa Baba robar fitsari, jiya ma da ƙafarsa ya taka masallaci sallar Asuba. Kun san sauran labarin, ba sai na maimaita ba, ni ma a gajiye nake.

Daren da fitsarin ya tsaya cak ne ba zan manta ba. Baba da bai taɓa cewa wash a gabanmu ba, ga shi durƙushe yana gumi, mara ta kumbura tim. Mai shayin bakin layinmu a Tudun Wada, na san ba ya son a ambace shi, shi ya bar tukunya a kan wuta ya taso mai Keke, muka nufi Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya. A hanya Baba ya fara lissafa min basussukan da ake binsa, sai jikina ya mutu. Da muka isa, wani nas ya lura dattijo yana jin nauyinmu, ya ce: "Ku ɗan ba mu wuri, ni ma ɗansa ne." Ya ja labule, ya rufa masa zane. Ban ko san sunansa ba. Allah Ya rufa masa asiri duniya da lahira, Ya jiƙan mahaifansa.

Masu tambaya ko sirace aka yi masa, a'a, kada ma wani ya gwada a gida. Furostet ɗinsa ce, wato wani nama da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ta girma ta matse hanyar fitsari, kuma gwaji ya nuna ba daji ba ne. A asibitin da aka tura mu daga baya aka yi masa aikin da ake kira Rezum, wanda Amurka ta amince da shi a 2015. Ta hanyar fitsari ake zura na'ura, a riƙa fesa tururin ruwa cikin naman na daƙiƙa 9, ba yanka. Naman da ya mutu jiki ne ke shanye shi a hankali, shi ya sa likita ya ce cikakken sauƙi kan kai wata 3.

Liman da jama'ar masallaci, abokan aikina da suka yi karo-karo, Inna da ta riƙa aiko da kunu, Allah Ya saka da Aljanna, Ya yaye wa duk mai jinya. 'Yan'uwa kuwa da ke nan Sabon Gari amma ko leƙowa ba su yi ba, mun gode, wataƙila hidima ce ta yi yawa.

Mai son dubiya ya zo bayan La'asar, kuma don Allah a bar yi masa tambayar ciwon.