Asabar, ni da Kawu da fim ɗin kaboyi

Tun asuba ake yayyafi. Sai ƙarfe goma na buɗe shago, kafin azahar na rufe. Mutum biyu kacal suka leƙo, ɗaya ya sayi caja, ɗaya ya taya ya tafi.

Na dawo na tarar da Kawu a falo, ƙafar ta yi sauƙi har ya taka daga titi ba sanda. Bayan ya ci abinci ya dubi kwamfutata ya ce, "Kai ɗan nan, abin nan naka babu fim ɗin kaboyi a ciki?" Kun dai san Kawu da labarin gidajen silima na Plaza da Orion, da yadda suke tara kwabo-kwabo su sulale bayan isha. Ina da Open Range na 2003, wanda Kevin Costner ya ba da umarni kuma ya fito a ciki tare da Robert Duvall. Na jona da talabijin, aka yi sa'a da wuta. Auta na kwance a doguwar kujera da wayarsa.

Fim ɗin ba ya gaggawa. Ciyawa iya ganinka, duwatsu can nesa, hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge. Mutum huɗu masu kiwon shanu sun fake ƙarƙashin tamfol suna karta, da aka ɗauke ruwa suka shiga fama da keken dokinsu da ya kafe a laka. An ce Montana ce a 1882, ko da yake a Alberta ta Kanada aka ɗauka. Ina fassara wa Kawu jefi-jefi, ya ɗaga mini hannu. "Bari. A Plaza wa ya fassara mana? Daga zaman mutum a kan doki za ka san ko wane ne." Ya nuna Duvall ya ce wannan dattijon shi ne uban tafiya, wancan mai shirun kuwa ya taɓa kashe mutum. Duka biyu ya canka, tun fim bai faɗa ba.

Auta ya ji ana kiran dattijon da Boss ya ɗago kai. "Bos kuma shi ne mutumin kirki?" Muka yi dariya, don a wajenmu bos shi ne mugun da ake kashewa a ƙarshe. Can an jima ya ce, "Yaya, wai yaushe za a fara fim ɗin?" Na ce ai an yi nisa. Ya miƙo hannu wai in ba shi rimot ya kai mu wajen faɗa. Na hana. Sai ya tashi yana cewa, "Wallahi ba komai a ciki. An yi shi a 2003 amma kamar na zamanin Turawan mulki." Ya fita. Bai dawo ba sai da ya jiyo ƙarar bindiga.

Ba komai a ciki. Maganar nan ce ta hana ni barci, shi ya sa nake rubutu ƙarfe sha biyu ta wuce.

Abin da ya fita ya bari, a wajena shi ne fim ɗin. Akwai inda Charley, mai shirun nan, ya shiga gidan likita da takalmi duk laka, ya lura ya ɓata wa 'yar'uwar likitan shimfiɗar ɗaki, ya durƙusa yana tsince lakar yana zubawa a hularsa. Mutumin da ya yi yaƙin basasar Amurka, wanda kisa ya zame masa sana'a, ga shi kunyar laka ta kama shi. Ba wanda ya tsaya ya yi maka bayanin halinsa, ka gani da idonka. Sai kuma safiyar da za a yi arangama. Su biyu ne, mutanen Baxter, attajirin da ya mallake garin har da ɗan sandansa, sun ninka su. An kashe musu abokin tafiyarsu Mose, an kashe karensu, yaron nan Button na kwance rai a hannun Allah. Me suka yi? Suka shiga kanti. Boss ya sayi sigari mai tsada da cakulan da aka kawo tun daga Suwizalan, ya ga mai kantin da kansa bai taɓa ɗanɗana cakulan ɗin ba saboda tsada, ya gutsura ya ba shi. Charley kuma ya zaɓi kofunan shayi a littafin kaya, a biya wa matar nan nata da ya fasa idan bai dawo ba. Daga nan suka zauna suna jira, kuma bayan kusan shekara goma suna tafiya tare, sai ranar kowa ya gaya wa ɗan'uwansa sunansa na gaskiya.

Nan Kawu ya ce in dakatar. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wasiyya suke yi."

To ka ga, lokacin da harsashin farko ya tashi, ni da Kawu mun san nauyin kowane mutum da ke tsaye a kan titin nan. Auta harbi kawai ya gani. Ya ce faɗan ya yi kyau, kuma ya yi. Babu kiɗan da ke tura ka, ƙarar bindiga ce tana dukan katakon gidaje tana dawowa. Mutane na kusa da juna amma suna kuskure, wani na ɗura harsashi hannu na rawa, wani ya ruga ya ɓuya bayan gida. Kamara tana ja baya ta bar ka ka ga wa ke ina, wa ke bayan wa. Yawancin finafinan faɗa na yanzu sai a yi ta yanka hoto har ka rasa wa ya bugi wa, ka tashi kanka na juyawa. Nan kuwa da za a ba ni takarda zan zana garin Harmonville, in nuna inda kowa ya faɗi.

Tsohon gini ne, ba su ɓoye ba. Baƙon da ke gudun abin da ya aikata a baya yana nan tun Shane na 1953, garin da tsoro ya rufe wa baki yana nan tun High Noon na 1952. Abin da ya burge ni shi ne ba su ji kunyar tsohon ginin ba, ba su tsaya suna ƙyafta wa mai kallo ido don ya san su 'yan zamani ne. Sun yarda har zuci cewa alkawari da amana da tsayawa wa aboki sun isa su riƙe fim na sama da awa biyu. Na zamani da suka ƙara shi ne gajiya da nadama a fuskar jarumi. Charley na firgita cikin barci, yana tsoron kansa fiye da yadda yake tsoron Baxter.

Ba wai ba shi da aibi ba. Kawu ne ma ya kama ɗaya: Charley ya yi ta sakin wuta ba ɗuri, ya ce, "A'a, wannan bindigar shida take ci, ina ya samo sauran?" Kuma bayan an gama faɗa maganar soyayya ta yi tsawo, ni kaina na duba agogo.

Da an tsaya nan da lafiya lau na wuni.

Muna shan shayi bayan magariba na ɗan tsokani Kawu. Na ce, "Kawu, yau na ga bayan makiyaya kuke." Na faɗa ne don bara shanu sun shiga gonarsa da dare sun cinye gero ya kusa yanka, kuma ina wajen sa'ad da ya tsaya a tsakiyar kara yana share ido da hannun riga. Bai yi dariya ba. Ya ajiye kofi ya ce, "Gonar wa suka ci a fim ɗin?" Na ce babu. Ya ce, "To. Burtalin da ya bi ta bayan garinmu muna yara, wanda shanu ɗari ke wucewa ba su taɓa kara ɗaya ba, yana ina yanzu? Wa ya kewaye shi? Ba ni ba ne, ba kuma yaron da ya koro shanun ba ne." Daga nan bai ƙara magana ba har aka kira isha.

Na yi ta juya abin. A Amurka an yi wa wayar ƙaya rajista a 1874, shekara takwas kafin lokacin labarin nan, kuma ba a daɗe ba kiwon sake ya mutu a can. Wato su Boss sun ci faɗa a kan titi amma zamani ya riga ya cinye su, su ma sun sani, shi ya sa dattijon ke maganar sayar da shanu ya zauna a gari. Sai dai fim ɗin ya sauƙaƙa wa kansa. Azzalumi ɗaya ne, an san fuskarsa, an san gidansa. Babu ƙaramin manomi irin Kawu a tsakiya, kuma ban ga ko ɗaya daga asalin masu ƙasar da aka kora kafin a kawo shanun ba. Namu ba ya ƙarewa da rana ɗaya a kan titi ɗaya. Wanda aka ci wa gero da wanda aka toshe wa hanya su ne ke kallon juna da sanda, wanda ya kafa wayar ko sunansa ba a ambata.

Maman yara ta ce gas ya kusa ƙarewa. Hanci na ta yi wa ƙaramar yoyo, sanyin nan ne.

Ɗazu Auta ya ƙwanƙwasa ƙofa wai in tura masa fim ɗin a waya. Na ce da sharaɗin daga farko zai kalla. Ya ce wayar ta cika, in yanko masa wajen faɗan kawai. Ban tura ba. Ya tsaya jim a bakin ƙofa, ya ce to mene ne sunan Bos ɗin na gaskiya da Kawu ke ta yi wa dariya? Na ce yana cikin fim ɗin.

Gobe ƙarfe bakwai zan kai Kawu tasha. Kar in manta da man zafinsa, yana kan firji.