Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ayabar da Kasuwa Ta Ƙi

A makon jiya mun tsaya inda aka kai ni ɗakin miji, a wani ƙauye bayan Kura, cikin gonakin noman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga. Yau zan faɗa muku inda jarina na farko ya fito.

Maigidana kayan marmari yake sayarwa a lokacin. Yakan je kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa ya saro ayaba da lemo, ya kasa a bakin titi. Ita ayaba daga Kudu ake ɗauko ta a manyan motoci, ta kwana a hanya, sannan ta tarar da zafin bazarar Kano. Kafin a ankara bawonta ya yi ɗigo-ɗigo, daga nan ya yi baƙi, mai saye kuwa da ido yake ciniki. Da magariba sai ya shigo da ragowar a kwali, fuskarsa ba walwala, ya ce a zuba wa awaki. Uwar kuɗinsa ce awakin nan suke ci, kuma abin yana ci mini rai.

Inna, mahaifiyarsa, ita ta hana. Ta jawo kwalin gabanta, ta ce, "Zo nan, 'yata. Akwai wadda ta nuna ta wuce, akwai wadda ta ruɓe. Kada ki haɗa su." Ta riƙa ɓarewa tana miƙo mini in shinshina. Wadda cikinta ya yi laushi, ƙanshinta ya yi ƙarfi, ta ajiye a kwano. Wadda ke tsami, ko take zubar da ruwa, ko ta yi funfuna, ta jefar, ko tausayinta ba ta ji. Har yau ban yarda da masu cewa a yanke wurin funfunar a ci sauran ba, musamman abin da yara za su sa a baki.

Na ce, "Inna, to me za a yi da ita?"

Ta ce, "Fanke. Ɗauko ludayi."

Muka dame ayabar ta yi sumul, muka zuba a kwaɓin fulawa da yis da ɗan gishiri, muka rufe muka sa a rana ya tashi. Sukari kaɗan ta bari na sa, domin ayaba in ta nuna haka ta riga ta kawo nata zaƙin. Wannan zaƙin ne kuma yake sa fanken saurin yin ja a cikin mai, don haka sai an janye itace an rage wuta, in ba haka ba waje ya ƙone ciki ɗanye. Ƙanshin da ya tashi a tsakar gidan nan ya sa yaran maƙwabta suka cika zaure, kowa da 'yan canjinsa a hannu.

Daga baya wata ƙawata da ta yi aure a birni ta koya mini kek na tukunya. Ba mu da wutar lantarki, balle abin gashi. Yashi mai tsabta nake zubawa a gindin tukunya ya yi zafi, in shafe gwangwanayen madara da mai, in zuba kwaɓin ayaba da ƙwai da bakar hoda zuwa rabi, in jera a kan yashin in rufe. In na soka tsinke ya fito a bushe, ya gasu.

Mangwaro ya fi wuyar sha'ani. A Afrilu yakan zubo ya fi ƙarfin masu sha, ga ƙuda. Wanda ya yi luguf nake wankewa in matse, in tace zaren da rariya, in dafa ruwan da lemon tsami har ya yi kauri, yara su lakata da burodi. Ba ya jimawa a wannan zafi, shi ya sa nake yin daidai na yini.

Ba a daɗe ba na ce wa maigida ya daina ba ni ragowar kyauta, ya yi mini kuɗi. Ya yi dariya, Inna ta ce, "Karɓi, ciniki ne." Da ribar fanken na shiga adashi, ɗaukata ta farko na sayi tunkiya. Yadda tunkiyar nan ta haɗa ni rigima da facalata, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.