Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Benayen da Rana Ke Ratsawa

Makon jiya na tsaya a ranar da aka miƙo mini hular kwano da takalmin aiki a Houston, farkon 1981, ina ɗan shekara 26, tawadar takardar injiniyana ko bushewa ba ta gama yi ba. Aikin da aka ba ni ba na a-zo-a-gani ba ne: ni ne mai gwajin kankare. Duk motar da ta shigo fili sai in ɗebo kaɗan a baro, in cika wani mazurari na ƙarfe, in zare shi in ga yadda kwaɓin zai zauna. In ya malale, ruwa ya yi yawa, direba ya juya da kayansa yana zagina. In ya zauna daidai, sai in cika gwangwanaye, a ajiye su kwana 28, a kai ɗakin gwaji a matse da inji har su fashe. Nauyin da suka fashe a kansa shi ke faɗa mana ko ginshiƙi zai ɗauki abin da za a ɗora masa.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ƙasar garin. Houston ba ta da dutse a kusa. Ka yi ta haƙa, yumɓu ne da ruwa. Don haka sai a tona rami mai faɗin ginin gaba ɗaya, a shimfiɗa rodi, a zuba kankare mai kauri fiye da tsawon mutum, bene ya zauna a kai kamar kwale-kwale a kan ruwa. Irin wannan zubi ba a tsayar da shi in an fara. Mukan soma daren Juma'a, lokacin da tituna suka yi sauƙi, motoci a jere har ba ka ganin ƙarshensu, mu wayi gari a tsaye.

Wannan yumɓu shi ne abin tsokanata a bakin Yaya. Ɗan wan mahaifina ne, ya ba ni shekara 7, ya riga ni zuwa Amurka, yana aiki a sashen ba da rance na wani banki a Dallas. Duk daren Lahadi, lokacin da kuɗin waya ke sauka, sai ya kira.

"Kai yaro, har yanzu kuna cikin taɓon nan?"

"Yaya, taɓon nan ne fa ke ɗauke da hawa 75."

"Mu a kan dutse muke. Ku mai kuke haƙowa, mu muke ƙirga kuɗinsa."

Da gaskiyarsa ta wani gefen. Ƙarƙashin tsakiyar Dallas farin dutse ne, kuma garin na bankuna ne da kamfanonin inshora da manyan 'yan kasuwa, ga katafaren filin jirgin sama da suka buɗe a 1974 tare da maƙwabciyarsu Fort Worth. Houston kuwa ta mai ce da matatu da tashar jiragen ruwa, mutanenta wajen miliyan 1.6 a ƙidayar 1980, na Dallas dubu 900 da 'yan kai. Mutanen Dallas na ganin na Houston a matsayin masu kuɗin da ba su waye ba. Na Houston na cewa Dallas kwat ce da laktaye, ba ta san zufa ba. Mu biyu baƙi ne, ba wanda aka binne cibiyarsa a can, amma muka ɗauki faɗan kamar gadon gidanmu.

A shekarun nan ni ke da baki. A 1982 aka gama Texas Commerce Tower, hawa 75, mita 305, zanen ofishin shahararren mai zanen gini I. M. Pei. Hawa 80 aka so yi, hukumar kula da jiragen sama ta ce zai shiga hanyar jiragen filin Hobby, aka rage. Ya shafe fiye da shekara 40 babu wanda ya kere shi a duk Texas. Shekara na zagayowa sai ga Allied Bank Plaza, hawa 71, gilashi kore tun daga ƙasa har sama. A 1983 ɗin dai wani babban ɗan kasuwar gine-gine, Gerald Hines, ya tsayar da Transco Tower, hawa 64, ba ma a ƙwaryar birni ba, can unguwar Galleria, shi kaɗai tilo a tsakiyar gidaje da kantuna. A wani gari da doka ta hana, amma Houston ba ta da dokar da ta ware nan na gidaje ne, can na ofisoshi, mutanenta sun ƙi ta a ƙuri'a tun 1948, suka sake ƙi a 1962. Mai fili da kuɗi shi ke da sama. Har an fitar da zanen wani mai hawa 82 na Bank of the Southwest, na yanko hotonsa a jarida na aika wa Yaya ba tare da na rubuta ko kalma ɗaya ba.

Sai guguwar Alicia ta sauka a Galveston, can bakin teku kusa da mu, ranar 18 ga Agusta, 1983, ta wuto kanmu. Da aka bari muka shiga tsakiyar gari, tituna fal da fasasshen gilashi, takalmi na ƙaras-ƙaras. Jama'a suka ɗauka iska ce ta fi ƙarfin tagogin. Da aka bincika, ashe tsakuwar da ake shimfiɗawa a rufin gajerun gine-gine ce iska ta kwasa ta yi ta jifan dogayen da ita. Yaya ya kira ya yi jaje, ya tambayi lafiyata sau uku, sannan ya kasa daurewa: "Ka dai san Dallas ba ta da teku."

Benen da nake aiki a kai (ba zan ambaci sunansa ko na kamfanin ba) an gama shi a 1984, hawa talatin da wani abu. Aka mayar da ni cikin masu shirya wa 'yan haya hawa: a ja bango, a sa silin, a shimfiɗa kafet. Wata uku muka gama duk aikin da ke akwai, domin hawa shida kacal aka kama. Sauran na nan yadda muka bar su, daɓen siminti tsirara, wayoyi na reto, babu ko bango guda daga wannan taga zuwa waccan. Nakan hau hawa na 25 in ci abincin rana ni kaɗai, in yi tari in ji ya dawo mini.

Wata ranar da yamma muka fito tare da tsohon da ke shugabantar mu, mutumin da ya fara aikin gini tun kafin a haife ni. A wajen ajiye motoci ya riƙe mini hannun riga ya ce in waiwaya. Rana na faɗuwa a bayan benen, kuma ina ganinta. Ta shiga tagogin yamma ta fito ta na gabas, hawa bayan hawa, babu tebur ko labule ko mutum da zai tare ta. Ya nuna mini wani can gefe, shi ma haka. Da wani.

Na ce, "Maigida, to wa aka gina wa?"

Ya ce, "Ɗana, wanda ya gina ya ci ribarsa tun ranar da banki ya sa hannu."

A hanya ya warware mini. Mai gini na cire ladansa daga cikin rancen tun farko, sau da yawa ma har kuɗin ruwan shekarun farko a cikin rancen yake, don haka bashi na biyan kansa da kansa, littafin banki na nuna komai lafiya. Ga dokar harajin 1981 ta zamanin Reagan, wadda ta ba mai bene damar cire kuɗin gininsa daga haraji cikin shekara 15. Likitoci da lauyoyi masu neman inda za su ɓoye wa haraji sai suka yi ta zuba kuɗi, asarar da bene ya yi a takarda ita ce ribarsu. Kuma bene kan ci shekara uku ko fiye daga zane zuwa mabuɗi. Waɗanda muke gamawa a 1984 an yanke shawararsu ne lokacin da injinan haƙar mai sama da 4,500 ke aiki a Amurka, ƙarshen 1981. Kafin mu sa gilashin ƙarshe, kamfanonin da aka yi wa lissafi sun fara sallamar mutane. Ni da nake gwada kowace mota ta kankare, ban taɓa tambayar ko wani ya gwada wannan lissafin ba.

Na faɗa wa Yaya. Ya yi dariya ya ce matsalar masu mai ce. Su bankinsu ma ya rage ba masu mai rance, ya koma kan gine-gine, abin da ido ke gani, hannu ke taɓawa. Kuma lallai ƙugiyoyin ɗaga kaya da suka sauka a Houston sai suka tashi a Dallas. A 1985 suka buɗe InterFirst Plaza, hawa 72, mita 281, aka zagaye shi da koren fitila daga ƙasa har ƙololuwa. Yaya ya rama: hoto a ambulan, ba rubutu. A waya ya ƙara da cewa tagwaye ne, na biyun na nan tafe.

Ƙarshen 1985 Saudiyya ta buɗe famfon mai. Gangar mai da take wajen dala 30 ta gangaro kusa da dala 10 kafin Afrilun 1986. Mai hawa 82 bai wuce takarda ba. A benenmu ana ba ɗan haya shekara guda kyauta, wani ya ce sai an ƙara. Wata Juma'a aka kira mu goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya fito da farar ambulan. Na mayar da hular kwano, suka ce in riƙe.

Yaya bai yi tsokana ba a wannan daren. Ya ce, "Ka tattaro kayanka, ɗaki na nan." Na loda abin da na mallaka a mota na hau babbar hanya mai lamba 45, kilomita 385, ina tuƙi ina shirya amsar da zan ba shi in ya fara. Dare ya yi kafin in iso. Tun daga nesa na hango koren zanen nan a sararin sama, ban so ba amma sai da na ce masha Allah.

Washegari ya kai ni in gani da rana. Muka tsaya a gindinsa, na ɗaga kai har hular ta kusa faɗuwa, sannan na duba gefe. Fili ne shimfiɗe da kwalta, motoci a jere, wani mutum a ɗan akurki yana karɓar kuɗi.

"Yaya, na biyun fa?"

Bai amsa ba. Ya ciro mabuɗi ya buɗe mota, a kujerar baya na ga fayil-fayil ɗaure da roba, tuli guda, ranar kuma Asabar ce. Sai da muka kusa gida ya ce, "In mun shiga, kada ka tayar da maganar aiki a gaban yayarka."

Abin da ke cikin fayilolin nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.