Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Littafin Hajiya

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya ne a ranar da ma'aikaciyar hukumar jin daɗin jama'a ta kawo mana yaran nan biyu, yarinya 'yar shekara tara da ƙanenta ɗan shekara huɗu, bayan Allah ya yi wa mahaifinsu rasuwa, mahaifiyarsu kuma ciwo ya kwantar da ita a asibiti, babu mai cewa ga ranar sallama. Har yanzu ba zan kama sunansu ba. Sun girma, suna da nasu mutuncin, kuma labarin nasu ne kafin ya zama nawa.

Kwanakin farko gidanmu bai rabu da baƙi ba. Kowa ya shigo sai ya ce Allah ya ba da lada, ya jawo mana hadisin Sahlu ɗan Sa'adu da ke cikin Bukhari, inda Manzon Allah (SAW) ya ce shi da mai ɗaukar nauyin maraya kamar haka suke a Aljanna, ya nuna manuniya da yatsansa na tsakiya. Ina jin daɗin ji, kuma har gobe wannan matsayi nake kwaɗayi. Amma da magariba ta yi sai kowa ya kama gabansa, a bar ni da dare.

A daren ne nake ganin yaran yadda suke. Yarinyar da takalmi take kwanciya. Kayan da suka zo da su a jakar leda ta ƙi yarda a zuba a durowa, ta ɗaure bakin ledar ta tura ƙarƙashin matashin kai, ko banɗaki za ta sai ta waiwaya ta tabbatar tana nan. In na miƙa hannu zan yi wa ƙanenta wanka sai ta shiga tsakaninmu, ba da rashin kunya ba, a hankali take cewa, "Anti, bari, ni nake yi masa." Shi kuwa ƙaramin zai ci ya ƙoshi, sannan ya faki idona ya dunƙule sauran ya cusa cikin rigar matashi. Wari ne ke nuna mini wurin. Fitsarin kwance kusan kullum, ga firgita da ihun da ke tashin gida gaba ɗaya. Maigida tun asuba yake fita, sai bayan isha'i. 'Ya'yana uku da suka yi ta murnar baƙi suka fara tsuke fuska, har autata ta same ni a kicin ta ce, "Umma, wai yaushe za su tafi gidansu?"

Na rame, na daina zuwa karatun mata da ake yi a masallacinmu. Rashin ganina ne ya kawo Hajiya.

Hajiya dattijuwa ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, ba ta da yawan magana. Da ta shigo ba ta ce a kira mata yaran ta gani ba, yadda kowa ke yi. Ni ta duba, ta ce, "'Yata, yaushe rabonki da barci?" Na buɗe baki zan ce alhamdu lillahi, sai hawaye. Ta ce, "Shiga ki kwanta, ina nan har la'asar." Da na farka na tarar an wanke zannuwan gado an shanya, ita kuma tana zaune tana jan carbi, yara biyar na wasa a gabanta.

Bayan kwana biyu ta dawo da wani littafi mai kaurin bango, irin na rajista, da mata uku a bayanta. A ranar na san cewa masallacinmu na da 'yan sa-kai masu tallafa wa mariƙa, kuma ba mu ne gida na farko ba. Asalin abin, in ji Hajiya, wata abokiyar aikinta ce Kirista ta gayyace ta ganin yadda matan cocinsu ke yi. Sun riƙe ayar nan ta wasiƙar Yakubu, sura ta 1 aya ta 27, da ke cewa addini tsarkakakke shi ne kula da marayu da matan da mazansu suka rasu a cikin ƙuncinsu, sai suka mayar da ita jadawali: wa zai je wane gida, wace rana, ya yi me. Hajiya ta kwafo tsarin ta kai wa liman. Shi kuma a huɗubar da ya nemi masu shiga, ya karanta aya ta 44 ta Suratu Ali Imrana, inda aka jefa alƙaluma don a fitar da wanda zai riƙi Maryam, har riƙon ya faɗa hannun Annabi Zakariyya (AS). Ya ce mutanen farko rige-rigen riƙon yarinya suke har sai an yi ƙuri'a, mu kuwa wanda bai iya ɗauka ba, ai ba zai rasa abin da zai tallafa wa wanda ya ɗauka ba.

Hajiya ta buɗe shafi ta rubuta sunana a sama, ba sunan yaran ba. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Yaran suna da ke. Ke ce ba ki da kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Sannan ta fara tambayoyi irin na asibiti, ba kwana-kwana. Wane lokaci ne ya fi miki wuya a yini? Wa ke kai su makaranta? Zanin gado nawa gare ki? Akwai ledar shimfiɗa a katifar yaron? Wa ke kai su ganin uwarsu? Duk amsar da na bayar sai ta ja layi ta sa sunan mutum a gabanta.

Haka makonmu ya samu tsari. Wata malama da ta bar koyarwa tana zuwa Litinin da Laraba da yamma, ta zauna da yarinyar, domin ciwon uwarta ya sa ta yi asarar kusan shekarar karatu guda. Wata matashiya tana zuwa ta kwashi wanki. Wani dattijo mai mota, wanda yara suke ce wa Baba, shi ke kai mu asibiti duk Asabar, ya zauna a mota yana karatun Alƙur'ani har mu fito, bai taɓa tambayar abin da ya faru a ciki ba. Ranar Alhamis kuma tawa ce. Hajiya da wata su zo su zauna da yara duka, ni in fita da 'ya'yana wani makon, wani makon in rufe ƙofa in yi barci. Wannan Alhamis ɗin ce ta hana ni mayar da yaran, kuma ina faɗa ne don duk wanda ke tunanin taimakon mariƙa ya ji.

Suna da ƙa'idoji, kuma Hajiya ba ta sassauta wa kowa. Babu ɗan sa-kai da zai keɓe da yaro a ɗaki a rufe, dole a samu babba na biyu a kusa, ko da kuwa malamar ce, a falo take koyarwa ina jin muryarsu. Babu mai tambayar yaro labarin gidansu. In ya faɗa da kansa a saurara, in abin damuwa ne a gaya mini da ma'aikaciyar hukuma, ba a kai shi wurin hira. Wanda ya kawo tsaraba ya kawo ta mutum biyar ko ya bar ta, don kada 'ya'yan gida su ga an ware baƙi, baƙin kuma su ji an mai da su abin tausayi. Hoto kuwa babu shi ko kaɗan. Gab da wata Sallah wani mai hali ya aiko da kaya masu yawa, da sharaɗin a tsayar da yaran riƙe da su a ɗauka don a sa a Facebook. Hajiya ta ce wa ɗan aiken, "Ka gaishe shi, ka ce mun gode. In don Allah ne, Allah ya gani. In sai da hoto, ga kayansa nan." Aka bar kayan, ba a ɗauki hoton ba. Ni dai a ganina yaron da aka nuna wa duniya yana karɓar sadaka an karɓe masa abin da ya fi kayan tsada, kuma wata rana zai girma ya ga hoton.

Ƙa'idar da ta fi tsananta a kai ita ce cika alkawari. Duk mai son shiga sai ta ce masa ya zaɓi abin da zai iya yi har tsawon shekara, ko da sa'a ɗaya ce a mako, ya fi ya zo kullum na wata guda ya ɓace. Ta ce yaron da mutane suka yi ta ɓace masa ba ya gane uzuri, abin da ya sani shi ne an sake tafiya an bar shi. Na ga gaskiyar wannan da idona. Wata Laraba malamar ta makara saboda ruwan sama. Yarinyar ta tsaya a bakin taga da littafinta a ƙirji, ta ƙi zama, ta ƙi cin abinci. Da malamar ta shigo a jiƙe sharkaf, yarinyar ba ta gaishe ta ba, cewa ta yi, "Na zaci kin daina zuwa." Malamar ta durƙusa ta ce, "Ranar da ba zan zo ba, ke zan fara gaya wa." Ta kuwa riƙe wannan magana.

Daga baya, da na shiga aikin ni ma, na karanta labarin binciken da aka yi a Romaniya. Bayan faɗuwar gwamnatin kwaminisanci a Disambar 1989 duniya ta ga halin da dubban yara ke ciki a gidajen marayun ƙasar. A shekarar 2000 masu bincike suka fara aiki a Bukarest da ƙananan yara 136 da ke irin waɗannan gidaje, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda aka mayar sun fi samun ci gaba a kaifin fahimta da shaƙuwa da mai kula da su, musamman waɗanda aka mayar kafin su cika shekara biyu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ba miƙa wa iyalan yara aka yi aka juya baya ba. An sa ma'aikata suna ziyartarsu a kai a kai, suna taya su warware matsaloli. Na ce ashe abin da Hajiya ke yi da littafinta ke nan.

Maganar suna ta taso lokacin da za a sauya wa yarinyar makaranta. Maigida, don ƙauna, ya so a rubuta sunansa a matsayin uba, kada a riƙa tambayarta me ya sa sunanta ya bambanta da na sauran. Muka je wurin liman. Ya ce, "Malam, niyyarka mai kyau ce, amma Allah ya riga ya yanke." Ya karanta aya ta 5 ta Suratul Ahzab, cewa a kira su da sunan ubanninsu, shi ne mafi adalci a wurin Allah. Ya tuna mana Zaidu ɗan Harisa, wanda ake kira Zaidu ɗan Muhammadu har ayar ta sauka, aka mayar masa da sunan mahaifinsa, ƙaunar Annabi (SAW) gare shi kuma ba ta ragu ba. Ma'aikaciyar hukuma ita ma ta goyi baya. Ta ce yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 20, ta ambaci kafala ta shari'ar Musulunci a cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa kulawar iyalinsa, don haka babu abin da yaran za su rasa. Ranar da aka ba yarinyar sabon littafi, na ga ta rubuta sunan mahaifinta a bango, ta sake bi ta kansa da biro har ya yi kauri.

'Yan kuɗin da mahaifinsu ya bari kuma, ma'ajin 'yan sa-kan ne ya zauna da maigida aka rubuta komai a gaban shaidu biyu aka ajiye a asusu daban, saboda gargaɗin da Suratun Nisa'i ta yi a kan dukiyar maraya. Ba mu taɓa ko kwabo ba.

Sauyi ya zo a hankali. Hajiya ta ce kada in hana ƙaramin ɓoye abinci, in ba shi ƙaramin kwano mai murfi in ce nasa ne, ya ajiye a gefen gado, kowane dare in zuba masa wani abu. Da farko yakan farka ya buɗe ya duba. Daga baya sai in tarar da safe bai taɓa ba. Fitsarin kwance ya ragu bayan ta sa an daina ambatonsa a gaban kowa. Na taɓa yi mata ƙorafin cewa har yanzu Anti yarinyar take ce mini. Ta ce, "Uwarta na da rai, 'yata. Bar ta da Antin, kada ki sa ta zaɓa." Wata safiya na shiga ɗakinsu na ga takalmanta a bakin ƙofa, kayan ledar nan kuma a jere cikin durowa. Autata ce ta taya ta ninkewa.

Muna cikin haka, wata Asabar da muka je asibiti, likita ya tare ni a baranda ya ce jikin mahaifiyarsu ya yi kyau sosai, suna shirin sallamarta, kuma kullum maganarta ɗaya ce, a dawo mata da 'ya'yanta. Na yi mata murna da zuciya ɗaya, amma ƙafafuna suka yi sanyi. Da muka dawo gida na kira Hajiya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Gobe zan zo da littafi. Za mu buɗe mata shafi ita ma."

Yadda aka yi da wannan shafi, da abin da yarinyar ta ce da aka gaya mata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.