Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Sawun da Wani Ya Taka

A makon jiya na tsaya a inda karena Duna ya fara bin sawu mai lanƙwasa biyu ba tare da an jera masa guntun nama a kowane taku ba. Har zuwa lokacin ni nake taka sawun da kaina: in kafa sanda a mafari, in tattake ciyawar wurin, in yi tafiyata, in yar da safar hannu a ƙarshe, in jira kamar minti 20, sannan in ɗaura masa ɗamarar ƙirji da igiyar mita 10. Haka ake farawa da kowane kare. Ko a wasu gasannin bin sawu, a matakin farko mai kare ne yake taka nasa, sai an yi gaba ake sa baƙo.

Dattijon da yake koya mini, wanda ya yi aiki da karnuka tun ban san kaina ba, ya kalle mu wata safiya har muka gama. Sai ya ce, "Ɗana, daga yau ka daina sanin hanya. Ni zan taka, kai ka juya baya."

Na ce, "Baba, ai bai ɓata ko sau ɗaya ba."

Ya ce, "Shi ne abin da ya dame ni."

Dalilinsa shi ne igiya tana magana. Mutumin da ya san lanƙwasa tana gaba zai rage sauri ko bai yi niyya ba, hannunsa zai ɗan yi nauyi, kafaɗarsa ta karkata inda yake so a bi. Kare kuwa gwanin karanta mutum ne, in ya ga amsa tana jikin ubangidansa me zai sa ya wahalar da hancinsa? Daga baya na karanta binciken da aka wallafa a 2011 daga Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, a Amurka. An gwada karnuka 18 masu gano ƙwaya da abin fashewa tare da masu riƙe su, a ɗakunan da babu ƙwaya ko abin fashewa a ciki, amma aka gaya wa mutanen cewa jar takarda tana nuna inda aka ɓoye abu. Sama da sau 200 aka ce kare ya gano wani abu, kuma an fi samun haka a wurin jar takardar. Ƙwararru ke nan fa, balle ni ɗan koyo.

Da aka raba ni da sanin hanya, dole na koma karatun Duna, kuma nan ne aikin ya fara yi mini daɗi. In yana kan sawu sosai bakinsa a rufe yake, hancinsa dab da ƙasa, wutsiya a miƙe, igiya tana ja da nauyi iri ɗaya. Har sautin shinshinarsa ana ji, don kare yana jan iska kusan sau biyar a daƙiƙa guda idan yana aiki, iskar da ya fitar kuma ta tsagar gefen hanci take bi, ba ta kore warin da ke gabansa ba. In ya zarce lanƙwasa sai kai ya ɗago, igiya ta saki, ya fara kewaye. A nan Baba yake da doka ɗaya: ka tsaya cak, ka rufe bakinka, ka tattara igiya don kada ta sarƙe masa ƙafa. In kewayen bai kai shi ko'ina ba, ka ja da baya taku kaɗan zuwa inda ka tabbata yana kan sawu. Ba a cewa "nemo, nemo" a lokacin. A ganina wannan surutun ya fi ɓata karnuka fiye da komai, don kare mai tunani ake katsewa.

Iska ma sai da na koya. Warin sawu iri biyu ne: na ciyawar da aka murƙushe da ƙasar da aka tayar, da kuma na jikin mutum da yake zuba yana tafiya. Na farko yana zama inda ƙafa ta taka, na biyun iska ce take kwasarsa gefe. Saboda haka in Duna ya koma tafiya ɗan nesa da layin, ta ɓangaren da iska take kaɗawa, ba lallai ɓata ya yi ba. Raɓar safe tana riƙe wari, rana in ta take tana ƙone shi, kuma kare mai haki ba ya shinshina yadda ya kamata, sai an tsaya an ba shi ruwa.

Ranar da Baba ya yarda mun ɗan kama hanya, Duna ya bar ciyawa mai kyau ya kutsa wani fili mai tsakuwa inda ban zaci mutum zai bi ba. Igiya na nan da nauyinta, bakinsa a rufe, sai na bi. Can gefen wani dutse ya kwanta, safar hannu tsakanin ƙafafunsa. Baba ya iso yana karkaɗe wandonsa, ya ce, "Gobe zan zo da jikana ya ratsa sawun ta tsakiya, mu ga wanda Duna zai bi."

Yadda muka kwashe da jikan Baba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.