Yaƙin da aka jira shekara 400

Na gama karanta The Dark Forest na Liu Cixin, marubucin nan ɗan ƙasar Sin, kuma har yanzu zuciyata ba ta bar cikinsa ba. Littafin ya fito a 2008 a matsayin ci gaban The Three-Body Problem, wanda fassararsa ta Turanci ta lashe kyautar Hugo ta ƙagaggun labaran kimiyya a 2015. Na buɗe shi ina sa ran artabun jiragen sama jannati, sai na tarar mafi yawan shafukansa jira ne kawai, kuma a cikin wannan jiran ne ƙarfinsa yake.

Tun farko an san cewa rundunar maƙiya ta taso daga taurarin Alfa Santauri, waɗanda haskensu ke ɗaukar shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso gare mu, amma jiragen sai sun yi kimanin shekara 400 a hanya. Yaya al'umma za ta ɗaura ɗamarar yaƙin da jikokin jikokinta ne za su gani? Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne maƙiyan sun riga sun turo wasu ƙwayoyin zarra masu leƙen asiri, waɗanda ke jin kowace magana, suna karanta kowace takarda, suna kuma toshe binciken kimiyya. Wuri ɗaya ne ya rage musu a rufe, wato zuciyar mutum. Saboda haka Majalisar Ɗinkin Duniya ta zaɓi mutum 4, ta ba su dukiya da iko, kowannensu ya ƙulla dabararsa a ransa ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Wannan tunani ya burge ni matuƙa, domin iya ɓoye niyya, wanda muka saba ɗauka aibi ne, shi ya zama makamin ɗan Adam na ƙarshe.

Akwai inda labarin ya yi sanyi. Dogon zancen macen da Luo Ji, jarumin littafin kuma ɗaya daga cikin mutum 4 ɗin nan, ya zana a mafarkinsa ya gajiyar da ni, kuma matan littafin galibi ba a ba su nauyin da ya dace ba.

Amma da aka zo kan ɗigon nan, sai na ajiye duk wani ƙorafi. Mutane sun yi shekara kusan 200 suna ƙera jiragen yaƙi wajen 2,000, sun jera su sahu-sahu cikin alfahari domin tarbar wata 'yar na'ura guda mai siffar ɗigon ruwa da maƙiyan suka turo. Masanin da ya je duba ta ya yi ta ƙara ƙarfin madubin bincikensa yana neman ko da ƙwarzane ɗaya a jikinta, amma santsinta bai sauya ba. A daidai wannan wuri gabana ya faɗi, domin na gane abin da ya gane tun kafin na'urar ta motsa ta ratsa jiragen ɗaya bayan ɗaya kamar allura a cikin tsumma.

Daga nan marubucin ya ba da amsarsa ga tambayar da masanin kimiyya Enrico Fermi ya yi a 1950, cewa in akwai wasu halittu masu hankali a sararin samaniya, ina suke? A ganin littafin, kowa ya yi tsit ne kamar mafarauci a duhun daji, tunda nisa ya hana a san niyyar juna, kuma wanda aka raina yau yana iya fin ƙarfinka gobe. Ban amince da wannan ra'ayi gaba ɗaya ba, domin ya ɗauka cewa tsoro kaɗai ke juya kowace halitta. Duk da haka na tuna saƙon rediyon da aka aika daga cibiyar nazarin taurari ta Aresibo a Puerto Rico a 1974 zuwa wani tarin taurari mai nisa, na kuma tambayi kaina ko waɗanda suka aika shi sun yi dogon nazari kan wanda zai iya ji.

Hoton da ya fi zama mini shi ne na Luo Ji a maƙabarta, shi kaɗai, ya haƙa kabarinsa da hannunsa, ya ɗora bindiga a ƙirjinsa, sannan ya ɗaga kai yana yi wa sama magana.